Motar da Ba Ta Hayaƙi

Ranar wata Litinin a tsakiyar daminar 1978, ina Kaduna wajen duba takardun jarrabawa, matata Ummulkhairi ta ciro makullin motata daga ƙusar da nake rataye shi ta ba ƙanenta Mu'azu. Wata bai cika ba ta rasu a kujerar baya ta wannan motar, a gefen hanyar Minna. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Ban musa musu ba. Amma mai ma ya ƙare, shi kuwa wannan yana da dalilin da mutum zai iya bi daki-daki.

Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Ita kuma ɗinkin hula take yi a gida, kuma tun tana yarinya take da ciwon fuka. Idan ya tashi mata sai ta zauna ta dafa gwiwoyinta, ƙirjinta yana ƙara kamar ana busa sarewar kara da ta tsage. Hayaƙi ne babban abokin gabarta. Shekarar da muka yi aure na rushe murhun gidan na sayo risho. Da ta tambaye ni dalili na ce itace ya yi tsada. Da na sa aka buɗe wa ɗakinta taga ta biyu na ce don kada mu riƙa kunna fitila tun la'asar. Ta karɓi waɗannan dalilai kamar yadda na ba ta su, unguwa ma ta karɓa, har aka san ni da tattali. A bayan idona kalmar da ake amfani da ita ta fi wannan gajarta.

Likitan da ke duba ta a Minna yake. Duk bayan 'yan makonni sai mun je, a motar haya ko a gaban babbar motar Mu'azu idan yana da lodi. Duk wadda muka shiga, hayaƙi ta ƙasa yake shigowa. Wata rana a bayan wata tsohuwar motar haya na ga leɓunanta sun canza launi tun ba mu kai Lambata ba. Direban ya ce a ba ta goro.

A lokacin an riga an karɓe sunan garinmu an ba birnin da za a gina a ƙofarmu, mu kuma muna ta koyon cewa Suleja. Birnin bai zo ba tukuna, amma tifofinsa sun zo. Tun safe suke ratsa gari da tsakuwa da yashi, kowace tana jan baƙin hayaƙi a bayanta. Tare da su aka samu 'yan safiyo daga ƙasashen waje. Ɗaya daga cikinsu, wani Bature da ya kama haya wajen Iku, ya gama aikinsa zai koma, ya sa motarsa a kasuwa.

'Yar ƙaramar mota ce ƙirar Japan, ruwan toka. Ya ce an ƙera ta ne don ƙasarsu, inda doka ta ƙayyade yawan hayaƙin da mota za ta fitar. Ya buɗe gaban ya nuna mini. Ƙofar da mai ke bi ya shiga inji ƙanƙanuwa ce kamar idon allura, don injin ya sha mai kaɗan da iska mai yawa. Akwai wani tiyo da ke kama tururin da inji ke fitarwa ya mayar da shi ciki a sake ƙone shi. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafin da zai ƙone mai sarai. Ya ba ni littafin motar, na karanta shi daga bango zuwa bango kafin na ce komai. Sannan na ce ya tayar da ita. Na zaga baya, na ciro farin hankicina, na tara a bakin salansa na ɗan lokaci. Na duba. Fari.

Na saye ta.

Ummulkhairi ta gan ni ina maimaita wannan gwajin a ƙofar gida washegari.

"Malam, me kake yi wa hankicin da na wanke jiya?"

"Ina duba ko tana ɓarnar mai."

"A hankici ake gani?"

"Man da bai ƙone ba shi ne hayaƙi. Baƙin da kike gani a bayan tifa, kuɗin mai ita ne ke tashi sama."

Ta yi dariya ta koma ciki. Abin da na faɗa gaskiya ne, yana cikin littafin.

Motar ta yi abin da aka ce za ta yi. Muna zuwa Minna mu dawo Ummulkhairi tana hira, wani lokaci har da barci. Na lura da allurar da ke nuna yawan mai har na san ta kamar yadda na san taswirar lardinmu: in dai tana kan zanen farko daga ƙasa, za ta kai mu Minna har da saura. Na gwada ba sau ɗaya ba.

Abin da motar ba ta iya ba shi ne burge mutane. Ba ta da murya. In ta tashi sai ka kasa kunne kafin ka san ta tashi. In ta zo hawa kuwa sai ta bi shi a hankali kamar tsohuwa da tulu. A garin da ake auna ƙarfin mota da ƙugi da hayaƙi, wannan abin dariya ne, kuma Mu'azu ne ya fara. Ƙanen mata ne, al'ada ta ba shi izinin wasa da ni, shi kuwa bai taɓa barin izini ya lalace a hannunsa ba.

"Malam, wai wannan mota ce ko keken ɗinkin Yaya ka sa wa taya?"

"Tana kai ni inda za ni."

"Jaki ma yana kai mutum. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin hayaƙinta?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani! Wallahi Baturen nan fiɗiye ta ya yi kafin ya sayar maka."

Sunan ya bi ta. Yaran makaranta suka ɗauka, masu shayi a Gauraka suka ɗauka. In na wuce sai in ji an ce ga fiɗiyayya nan. Ban damu ba. Wanda ya shekara ashirin yana koyar da yara cewa duniya ce ke juyawa ba rana ba, ya saba da a dube shi kamar mahaukaci.

Ummulkhairi ce ta damu. Akwai ranar da aka kai amarya Tafa, 'yar maƙwabtanmu, aka roƙe ni in ɗauki mata. Suka cika motar, Ummulkhairi a tsakiyarsu. Muka zo wani hawa, duk motocin rakiya suka wuce mu suna oda, har wani mai babur da goyon mutum biyu. Wata daga cikin matan ta ce, "Malam, ko mu sauka mu tura?" Suka kwashe da dariya har da tafi. Na dubi madubi. Matata ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi.

Da muka dawo gida ta kawo mini ruwa ta tsaya.

"Malam, wai da gaske cutarka aka yi?"

"Wa ya ce?"

"Kowa. Har a wajen awon hatsi ana faɗa."

"Wanda ya fi ni sanin mota ya sayi tasa."

"To me ya sa duk motocin duniya sai ita ka zaɓa?"

"Ba ta shan mai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ɗauki kofin. "Kai dai da tattali," ta ce, ta fita.

Bayan wannan da ɗan lokaci na tafi Kaduna a motar haya, don ba na son ƙone man da ke tanki. Da na dawo na tarar an shiga wahalar mai. Gidajen mai duk sun kife jarkoki a kan famfunansu, layi ya miƙe har kasuwa, direbobi suna kwana a cikin motocinsu ana karta a kan bonet. Ƙasar da ke sayar wa duniya mai ce, saboda haka babu wanda ya yi mamaki. Na buɗe motata a rumfa, na murɗa makulli rabi ba tare da na tayar da inji ba. Allura tana kan zanen farko, daidai inda na bar ta. Na rufe, na koma zuwa makaranta a ƙasa. Wannan man na Minna ne.

A kwanakin nan na ga Ummulkhairi tana wata fara'a da ban gane kanta ba.

"Malam, ba za ka ɗan zaga da motar ba? Ko zuwa masallacin Juma'a?"

"Da wane man?"

"Ɗan zagaye kawai."

"Ƙafata ba ta bin layi."

Ta tambaya sau biyu ko uku, ta haƙura.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe. Wata tifa ta tsaya a jikin katangarmu, direban ya tafi neman abinci ya bar inji yana aiki, domin in ya kashe ba za ta sake tashi ba sai an tura. Haka suke yi. Hayaƙin ya bi ta tagar nan ta biyu da na sa aka buɗe. Kafin a zo makaranta a kira ni, Adaobi, maƙwabciyarmu mai aikin jinya, ta riga ta yi mata allurar da likita ya bari. Muka jira. Bai lafa ba. Likitan ya riga ya gaya mana cewa in allura ba ta yi ba, kada mu tsaya ko'ina sai wurinsa.

Adaobi ta shiga baya ta rungume ta. Na tayar da mota.

Ta yi ƙugi. Ban taɓa jin wannan muryar daga gare ta ba. Na ɗauka daɗewa a ajiye ne, kuma ba lokacin bincike ba ne. Muka fita gari. A hawan farko bayan Diko na taka totur kamar yadda na saba, ina jiran ta fara jan ƙafa, sai ta haye kamar ana ja da igiya.

Daga baya na ji muryar Ummulkhairi, kalma ɗaya-ɗaya tsakanin numfashi.

"Ka... ji ta?"

"Na ji."

"Ta hau."

"Yi shiru, ki tattala numfashinki."

Na ga fuskarta a madubi. Duk da halin da take ciki, murmushi take yi.

Sai na fara jin wari a cikin motar, warin inji mai zafi, irin na motocin haya. Adaobi ta ce, "Oga Malam, hayaƙi na shigowa." Muka sauke gilasai duka, yayyafi yana feso mana. Na dubi allura. Ta bar zanen farko tun tuni, tana wurin da ba ta saba kaiwa ba sai mun hango Minna. Mu kuwa ko Lambata ba mu kai ba.

A Lambata gidan mai yana rufe, an gitta reshen bishiya a ƙofar shiga. Na tambayi masu sayar da rake ko akwai mai ɗan galan a ɓoye. Suka ce da akwai jiya. Na ci gaba. Duk gangara sai in kashe inji in bar ta ta gangara da kanta, in ta kusa tsayawa in sake tayarwa. Da haka muka wuce Kwakuti. Kafin Paiko, a wani ɗan hawa da ba shi da suna, ta yi tari sau biyu ta mutu.

Na fita na tsaya a tsakiyar hanya. A ranakun wahalar mai hanya shiru take, kana jin tsuntsaye. Mota ɗaya ta zo daga wajen Minna cike da mutane, direban ya ce shi ma da addu'a yake tafiya. Wani manomi da fartanya a kafaɗa ya tsaya ya yi mana sannu, ya tafi ya kawo ruwa a ƙwarya. Na koma wajen taga. Ummulkhairi ta ɗago ido ta ce, "Kada... ka yi wa Mu'azu... faɗa." Na ce to, ba tare da na san laifin da ya yi ba. Na koma tsakiyar hanya, domin can ne nake da amfani.

Daga ƙarshe wata babbar mota mai lodin doya ta tsaya, za ta Minna. Direban mutumin kirki ne, ya sauke yaransa daga gaba don a sa ta. Da na buɗe ƙofar baya sai na ga Adaobi ta riga ta ja mata mayafi ta rufe fuska. Sai direban ya juya da lodinsa ya dawo da mu gida. Bai karɓi komai ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, wani mutum ya zo ya durƙusa a gefen tabarmata. Onwuka ne, makaniken da ke da gareji a bakin tasha, wanda duk direbobin garin ke kai wa mota. Ban taɓa kai masa tawa ba, ni nake canza mata baƙin mai da hannuna. Ya yi gaisuwa yadda ya iya, sannan ya ajiye wani gwangwanin madara a gabana.

"Oga Malam, kayanka ne. Madam ta ce in ajiye, in ka ji daɗin aikin sai in zubar."

Na zazzage a kan tabarma. Tiyo guda, naɗe. Ɗan ƙarfen lagireto. Da ƙanƙanuwar ƙofar man nan mai kama da idon allura.

"Wa ya kawo maka motar?"

"Mu'azu, lokacin da ka yi tafiya. Madam da kanta ta biyo shi, ta tsaya daga nesa saboda hayaƙin gareji. Ta ce, Onwuka, mijina babban malami ne, bai kamata yara su riƙa yi masa dariya a titi ba. Ka sa wa motar nan ƙarfi kamar ta kowa."

"Sai ka yi me?"

"Abin da muke yi wa duk motar da ta zo daga waje. Wannan ƙarfe na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu, ana cirewa. Wannan tiyo yana mayar wa inji da dattinsa, kamar mutum ya ci abin da ya amayar, shi ma ana cirewa. Wannan kuma ya yi ƙanƙanta, yunwa yake sa wa inji. Na sa babba." Ya dube ni. "Ta hau tudu, ko ba ta hau ba?"

"Ta hau."

"To. Ban yi mata aikin banza ba, Allah ya sani."

"Ka gaya mata za ta ƙara shan mai?"

"Na gaya mata, na ce kaɗan ne. Ta ce ba komai, kai mai ne damuwarka, ita za ta riƙa cika maka da kuɗin hula ba sai ka sani ba. Har ta sa Mu'azu ya zuƙo mai daga motar wani ya mayar da allura daidai inda ka bar ta. Zakara ta ba ni ladan aiki, babba."

Ban ɗaga masa murya ba. Mutumin ya yi aikinsa kamar yadda ubangidansa ya koya masa, kamar yadda ake yi daga nan har Onitsha, kuma ba a taɓa dawo masa da mota an ce ta yi ƙarfi da yawa ba. Mu'azu yana can bakin zaure, ya haɗa kai da gwiwa tun ranar jana'iza. Yayarsa ta riga ta karɓi alkawarina a kansa. Na mayar da kayan cikin gwangwani na miƙa wa Onwuka.

"In an jawo motar, ka mayar da kowanne inda ka cire shi."

"Oga, za ta koma yadda take fa."

"Na sani."

Ya mayar. Da na je ɗauka na tara hankici a bakin salansa, yaran gareji suna kallona. Ya ɗan yi toka-toka a ranar. Bayan mako guda ya koma fari.

Har yanzu ita nake hawa. Tana bin hawa a hankali, masu babur suna wuce ni. Ba wanda ke kiranta da sunan nan kuma, aƙalla ba a inda zan ji ba. Mu'azu yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ya zauna kamar a gaban alƙali, ya tashi. Na fi son lokacin da yake da baki. A mujallun da nake samu daga Kaduna ina karanta cewa a can ƙasashen ana ta ƙara tsananta dokar hayaƙi, ana ƙera injunan da suka fi nawa tsabta da tattali. Za su iso nan wata rana, kuma akwai gwangwanayen madara da yawa a garejin Onwuka.

Mutanen unguwa sun yanke hukuncinsu tuni: Malam ya ƙi cika tanki saboda maƙo, matarsa ta mutu a hanya. Labari ne mai sauƙin riƙewa, na bar musu. Ita ma da wannan sanin ta tafi, cewa ta auri mutumin da ke lissafin itace da kananzir da fetur, kuma ta so shi a haka har ta ba da zakaranta don a daina yi masa dariya.

Ta yi mini tambayar sau ɗaya tak, tana tsaye da kofi a hannu. Ba ta shan mai, na ce. Shi ke nan? in ji ta.

Ba shi ke nan ba, Ummulkhairi. Don ƙirjinki na saye ta.